Idan Yaro Ya Tunkaro Shingen Soja: Tambayoyi da Amsoshi

Barikin Ikeja da na Ojo da ke Legas suna da nisan fiye da kilomita 1,000 daga Maiduguri, amma yaƙin Arewa maso Gabas bai tsallake su ba, domin a cikinsu akwai waɗanda suka je bakin daga suka dawo, akwai kuma iyalan da suke zaune suna jiran waya. Tambayoyin da ke ƙasa su ne suka fi maimaituwa a zaman da nakan yi da sojoji da tsofaffin sojoji da iyalansu a Agege da Obalende. Yawancinsu ba a yin su cikin taro, sai mutum ya jira an watse sannan ya matso kusa ya sassauta murya.

1. Da gaske ne soja yakan fuskanci yaro a matsayin barazana, ko abu ne da ba kasafai yake faruwa ba?

Da gaske ne, kuma sojan Najeriya ya daɗe da sanin haka. Waɗanda suka tafi Laberiya a rundunar ECOMOG, ta kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, tun daga 1990 sun tarar da ƙananan yara riƙe da bindiga a cikin mayaƙan madugun 'yan tawaye Charles Taylor, sannan suka sake tarar da irinsu a Saliyo a hannun 'yan tawayen RUF. Da dama daga cikin dattawan da suka yi ritaya suka zauna a nan Legas sun ga wannan da idonsu.

Abin da Boko Haram ta ƙara a kai shi ne mai da yaron kansa makami. Daga 2014, shekarar da aka sace 'yan mata 276 a Chibok, ƙungiyar ta shiga ɗaura wa mata da yara jigidar bam tana tura su kasuwanni da tashoshin mota da masallatai da shingayen bincike. Asusun UNICEF ya bayyana a watan Agusta na 2017 cewa daga farkon wannan shekarar kaɗai an yi amfani da yara 83 ta wannan hanya, 55 mata, 27 maza, ɗaya kuma jariri ne da aka goya wa wata yarinya.

2. Wane ne yaro a idon doka?

Akwai iyaka biyu, kuma rashin bambance su yana rikitar da mutane. Ƙarin yarjejeniyoyin Geneva na 1977, waɗanda suke cikin dokokin yaƙi na duniya, sun hana shigar da wanda bai kai shekara 15 ba cikin yaƙi, dokar Roma ta 1998, wadda ta kafa Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, ta mai da yin hakan laifin yaƙi. Yarjejeniyar Afirka kan haƙƙin yara ta 1990 kuwa, da dokar haƙƙin yara ta Najeriya ta 2003, sun ɗauki duk wanda bai cika 18 ba a matsayin yaro, sun kuma hana ɗaukarsa aikin soja.

Iyakar farko ba baƙuwa ba ce ga Musulmi. Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya ƙara musu yarda, ya ba da labarin cewa an gabatar da shi ga Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ranar Uhudu yana ɗan shekara 14 bai amince masa ya fita ba, sai ranar Khandaƙ da ya kai 15.

3. Shin doka ta yarda soja ya harbi yaro?

Dokar yaƙi ba ta ce yaro ya zama abin hari don kawai yana yankin abokan gaba, ko don an gan shi tare da su, ko don ana zaton zai girma ya bi sahunsu ba. Yaro farar hula ne, yana da kariyar da kowane farar hula yake da ita, da ƙarin kariya ta musamman saboda ƙuruciyarsa. Amma kariyar farar hula daga hari takan janye na ɗan lokacin da mutum yake shiga faɗa kai tsaye, kuma wannan ƙa'ida ba ta ware yara ba. Yaron da ya saita bindiga kan soja, ko ya tunkaro taro da bam yana shirin tayarwa, doka ta ba soja damar kare kansa da waɗanda yake gadi, ko da hakan zai kai ga rasa ran yaron.

Sai dai damar tana da iyaka. Tana ƙarewa da zarar barazanar ta gushe, wato idan yaron ya yar da makami, ko ya ji rauni, ko ya ɗaga hannu, ko aka kama shi. Sashe na 3 da yarjejeniyoyin Geneva huɗu na 1949 suka yi tarayya a kansa, wanda shi ne yake aiki a yaƙin cikin gida irin namu, ya haramta kashe wanda ya bar faɗa ko azabtar da shi. Haka kuma zato kawai bai isa hujja ba, domin asalin ƙa'idar shi ne idan akwai shakka a ɗauki mutum a matsayin farar hula. Abin da ake yi da yaron da aka kama yana amsa ta 9.

4. Idan doka ta ba da dama, ina tsaka-mai-wuyar take?

Tana wajen shakka, domin doka tana magana ne a kan yaron da aka tabbatar yana kai hari, soja kuwa yawanci yaron da bai tabbatar ba yake fuskanta. A ɗauka da hantsi ne ranar kasuwa, layi ya miƙe a gaban shinge, sai wata yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya ta bar layi ta taho kai tsaye, hijabinta ya sauko har gwiwa, hannayenta duka a ciki. Kofur ɗin da ke bayan buhunan yashi ya daka mata tsawa da Hausa cewa ta tsaya, ba ta tsaya ba. Mai yiwuwa Kanuri kaɗai take ji. Mai yiwuwa tsawar ce ta ruɗa ta, ko tana neman mahaifiyarta da ta riga ta wuce. Mai yiwuwa akwai jigida a ƙugunta tana neman wanda zai kwance mata, mai yiwuwa kuma ta zo ne ta tayar. Daga taku talatin duk waɗannan kamanninsu ɗaya ne, kofur kuwa yana da ɗan lokacin da bai wuce numfashi uku ko huɗu ba, ga mata da tsofaffi a bayansa waɗanda su ma amana ce a wuyansa. Gaba kura, baya sayaki.

Abin da ya ƙara wa lamarin nauyi shi ne yara da dama daga cikin waɗanda aka tura ba su so, kuma wasunsu sun ƙi. A watan Disamba na 2014, lokacin harin kasuwar Kantin Kwari a Kano, wata yarinya 'yar shekara 13 ta ƙi tayar da nata bam ɗin, daga baya ta shaida wa manema labarai cewa mahaifinta ne ya miƙa ta. A watan Fabrairu na 2016 an tura 'yan mata uku sansanin 'yan gudun hijira na Dikwa, biyu suka tayar aka rasa sama da mutum 50, ta ukun ta ƙi, an kuma ruwaito cewa ta fahimci danginta suna cikin sansanin. Sojan da ya san waɗannan labarai ya san cewa wadda take tahowa za ta iya zama mai neman ceto, ya kuma san abin da biyun Dikwa suka yi.

Ni dai ban yarda da masu cewa amsar mai sauƙi ce ba, ko ta wane ɓangare suka faɗa. Wanda ya ce a harba kawai ya manta cewa ɗa na kowa ne, wanda kuma ya ce ko kusa kada a harba bai taɓa kwasar gawarwaki a bakin kasuwa ba.

5. Malam, me addini ya ce?

Asali haramci ne. Buhari da Muslim sun ruwaito daga ɗan Umar cewa an tarar da wata mace an kashe ta a ɗaya daga cikin yaƙoƙi, sai Manzon Allah ya hana kashe mata da yara. Halifa Abubakar ya maimaita wannan a wasiyyarsa ga Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura shi Sham, kamar yadda Imamu Malik ya kawo. Sannan yaro yana cikin mutum uku da aka ɗauke wa alƙalami har sai ya balaga, saboda haka yaron da aka ɗaura wa bam ba mai laifi ba ne a wurin Allah.

Duk da haka malaman fiƙihu sun yi magana a kan tunkuɗe mahari, suka ce wanda ya afko wa mutum zai kashe shi halal ne a tunkuɗe shi ko da yaro ne ko mahaukaci, domin ana yin hakan ne don tsare rai, ba don hukunta shi ba. Sharaɗin da suka gindaya shi ne a fara da mafi sauƙi: idan magana za ta tsayar da shi ba a duka, idan duka zai tsayar da shi ba a kisa. Wannan tsari ya yi daidai da matakan da aka bayyana a amsa ta 7. 'Yan'uwanmu sojoji Kirista su ma suna da kalmar Almasihu da ya ce a bar yara ƙanana su zo wurinsa, kuma nauyin da suke ji a wannan hali bai bambanta da na Musulmi ba.

6. To alhakin ran yaron a wuyan wa yake?

Babban alhaki yana kan wanda ya sace shi, ya tsorata shi ko ya yaudare shi, ya ɗaura masa makami ya tura shi. Wannan ne ma dalilin tura yaran, wato a yi amfani da tausayin soja a ci galaba a kansa, idan ya yi jinkiri ya mutu, idan ya harba a ɓata shi a idon jama'a. Kotunan duniya sun bi wannan fahimta. Hukuncin farko da Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague ta yanke, a 2012, a kan Thomas Lubanga na Kwango ne, saboda shigar da yara yaƙi, aka ɗaure shi shekara 14. A wannan shekarar kotun musamman ta Saliyo ta yanke wa Charles Taylor shekara 50, kuma amfani da yara yana cikin laifukan da aka same shi da su. Ita kotun Hague ba ta ma da hurumin gurfanar da wanda bai kai 18 ba lokacin da aka aikata laifin.

Amma laifin wancan ba ya wanke duk abin da soja ya yi. Idan ya harba alhali akwai wata hanya a fili, ko ya harba don fushin abokinsa da aka kashe jiya, wannan nasa ne, ba zai jingina shi ga kowa ba.

7. Me za a iya yi kafin a kai ga taɓa kunamar bindiga?

A nan ne yawancin aikin yake, kuma a ganina nauyinsa yana kan hafsoshi fiye da ƙananan sojoji. Abin da soja yake buƙata a gaban yaron da ba a tabbatar da shi ba abu biyu ne, tazara da lokaci, kuma dukkansu tun ranar da aka kafa shingen ake samar da su. Shingen da aka tsara da wurin tsayawa mai nisa, da alamar da kowa zai gani, da lasifika, da buhunan yashi masu tsayi da soja zai fake a bayansu, yana mai da numfashi ukun nan na amsa ta 4 su zama mintoci. Haka kuma samun wanda yake jin Kanuri ko Larabcin Shuwa a wurin, da mace da za ta iya binciken mata, yana warware shakka da yawa kafin ta yi tsanani. Umarnin da yaro zai gane ya kamata ya zama gajere: tsaya, zauna, fito da hannuwanki, ɗaga mayafi. Yarinyar da ke neman a kwance mata za ta bi wannan da gaggawa, sai a janye jama'a a kira masu kwance bam.

Bayan magana akwai nuna makami, akwai harbin gargaɗi idan ƙa'idojin buɗe wuta na rundunar sun yarda da shi, sannan a ƙarshe harbin kare rai. Ba kullum lokaci yake ba da damar bin matakan duka ba, amma sojan da aka horar a kansu kafin ya je yana da zaɓin da wanda ba a horar ba ba shi da shi. Janar Roméo Dallaire na Kanada, wanda ya jagoranci dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya a Ruwanda lokacin kisan ƙare dangi na 1994, ya shafe shekaru bayan ritayarsa yana kira a riƙa koya wa sojoji wannan tun a makarantar horo, kuma ƙoƙarinsa yana cikin abin da ya haifar da ƙa'idojin Vancouver na 2017 kan hana amfani da yara a yaƙi.

8. Idan oga ne ya ba da umarni a kashe yara fa?

Biyayya ita ce ƙashin bayan aikin soja, amma ba ta kai nan ba. Umarnin kashe yaron da ba shi da makami, ko wanda yake hannu, umarni ne da haramcinsa yake a bayyane, kuma tun shari'ar Nuremberg da aka yi wa shugabannin Nazi na Jamus bayan yaƙin duniya na biyu aka daina karɓar "an umarce ni" a matsayin abin da zai kuɓutar da mutum daga irin wannan laifi. A addini ma babu biyayya ga abin halitta cikin saɓon Mahalicci.

Na san ƙin umarni a bakin daga ba ƙaramin abu ba ne ga farabiti ko kofur, kuma ba na faɗar wannan da wasa. Amma tambayar ba ta ƙage ba ce. A watan Disamba na 2022 kamfanin dillancin labarai na Reuters ya wallafa zargin cewa an kashe yara a wasu hare-haren soja a Arewa maso Gabas, rundunar ta musanta, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta ƙasa ta kafa kwamitin bincike a 2023. Duk sojan da ya je can ya kamata ya san matsayinsa a kan wannan tun kafin ranar ta zo.

9. Yaron da ya miƙa wuya ko aka kama, yaya ake yi da shi?

Daga wannan lokacin amana ne. A raba shi da makami, a duba rauninsa, a ba shi ruwa da abinci, a ware shi daga manyan da aka kama, yarinya kuma a sa ta a hannun mace. A watan Satumba na 2022 gwamnatin Najeriya ta sa hannu da Majalisar Ɗinkin Duniya kan yarjejeniyar miƙa irin waɗannan yara ga hukumomin farar hula cikin kwana bakwai. An yi ta ne bayan shekarun da aka riƙa tsare yara a wuraren soja irin su barikin Giwa a Maiduguri, inda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce tsakanin Janairun 2013 da Maris na 2019 an tsare yara fiye da 3,600 a ƙasar bisa zargin alaƙa da mayaƙa. Waɗanda aka saki akan kai su cibiyar kula da yara ta Bulumkutu da ke Maiduguri kafin a haɗa su da danginsu.

Ya kamata a tuna kuma cewa ba ɓangare ɗaya kaɗai ya yi amfani da yara ba. 'Yan kato-da-gora da suke taimaka wa soja su ma sun sa yara gadi da bincike, har suka sa hannu kan shirin daina hakan a 2017, aka cire sunansu daga jerin masu wannan laifi na Majalisar Ɗinkin Duniya a 2021.

10. Wannan tsoro bai sa ana zargin yaran da ba ruwansu ba?

Ya sa, kuma wannan yana cikin ɓarnar da masu tura yara suka yi. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, amma soja da ɗan sanda da ɗan sintiri ba su da damar barin wannan tsoro ya zame musu ƙa'ida. Almajiri da kwanonsa, ko yarinya mai talla cikin hijabi, ko yaran da suka sauko daga tirela a kasuwar Mile 12 ta Legas, shigarsu da yarensu ba hujja ba ce a kansu.

11. Maigidana ya dawo daga Borno, ba ya son yara su rugo wurinsa. Me ya same shi?

Allah Ya ba shi lafiya, 'yar'uwa, kuma ki sani ba ke kaɗai ba ce. Na taɓa shiga mota da wani saje wata biyu bayan dawowarsa, cunkoso ya tsayar da mu a hanyar Agege, sai wata yarinya mai sayar da ruwan leda ta rugo ta kifa hannu a gilashin ɓangarensa. Na ga hannunsa na dama ya kai cinyarsa inda babu komai, gumi ya keto masa a goshi. Ya sauke gilas ya sayi ruwan da ba ya buƙata, ya bar mata canji, bai sake cewa uffan ba har muka sauka.

Abu biyu ne sukan haɗu. Na farko firgici ne da jiki yake riƙewa bayan ya daɗe cikin haɗari, wanda yake zuwa da mugun mafarki da rashin barci da saurin fushi. Na biyu shi ne abin da wani likitan ƙwaƙwalwa Ba'amurke, Jonathan Shay, ya bayyana a shekarun 1990 bayan ya yi aiki da tsofaffin sojojin yaƙin Biyetnam, wanda za a iya kira raunin lamiri: ciwon da mutum yake ji idan ya aikata, ko ya gani, ko aka sa shi abin da zuciyarsa take ƙyama. Mai wannan ba tsoro ne yake damunsa ba, kunya ce da ganin cewa bai cancanci ya rungumi 'yarsa ba. Wannan rauni yakan sami wanda ya harba, yakan kuma sami wanda ya yi jinkiri har aka rasa abokansa.

Kada ki matsa masa da tambayar ko ya kashe wani, kada kuma ki bari 'yan'uwa su mai da shi abin hira a gidan suna. Ki koya wa yara su yi sallama kafin su shigo, su daina afka masa ta baya. Idan ya fara magana da kansa ki saurara ba tare da kin yi saurin cewa ba komai ba, domin shi ya san akwai komai. Idan kuma ya fara shaye-shaye, ko duka, ko ambaton cewa mutuwa ta fi masa, ki duba amsa ta 13 ki nemi taimako a ranar.

12. Na harba, daga baya aka duba ba a sami komai a jikin yaron ba. Ina da tuba?

Kana da ita, ɗan'uwa, ƙofar tuba ba ta rufe maka ba. Alƙur'ani ya bambance kisan ganganci da na kuskure, aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta yi bayanin diyya ga dangin mamaci da kaffara, wadda ga wanda bai sami bawan da zai 'yanta ba azumin wata biyu ne a jere. Ko abin da ya faru da kai ya shiga wannan babi, da kuma wanda biyan diyyar ya rataya a kansa, abu ne da za ka zauna da malamin da ka amince da iliminsa ka ba shi labarin yadda yake, ba tare da ragi ba.

Tuba ba ta tafiya tare da ɓoye gaskiya. Idan aka buɗe bincike ka faɗi abin da ka gani da abin da ka yi zato a lokacin, domin ana auna soja ne da abin da ya bayyana gare shi a wannan ɗan lokacin, kamar yadda amsa ta 3 ta nuna iyakokinsa. Iyayen yaron suna da haƙƙin sanin yadda ɗansu ya rasu, rahotonka na gaskiya kuma zai iya sa a gyara tsarin shingen don kada wani kofur ya tsinci kansa inda ka tsinci kanka.

13. A nan Legas ina mutum zai nufa?

Soja mai aiki zai iya farawa da asibitin barikinsa, daga nan a tura shi babban asibitin soja na 68 da ke Yaba. Tsohon soja ko iyalinsa za su iya zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya, shi ma a Yaba, kuma zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace, yawancin masu zuwa ganin likita suke yi su karɓi magani su koma gida a ranar. Rundunar soja tana da limamai da fastoci nata a barikoki, da yawansu sun yi zama a bakin daga, sun san abin da ake nufi ba sai an yi dogon bayani ba. Addu'a da magani ba sa karo, a haɗa su. Wanda yake jin nauyin zuwa shi kaɗai ya nemi abokin da suka yi aiki tare ya raka shi, ya kuma rubuta a takarda tun daga gida awa nawa yake barci da lokacin da abin ya fara, domin a gaban likita mutum yakan manta.